Kurɓin da Ya Karya Azumin Inna Marta

Mutanen Kalgo ba su taɓa iya kiran sunanta daidai ba, ba su kuma taɓa wahalar da kansu wajen koyo ba. Marta ne sunan, su kuwa Maratu suke cewa. Masuntan da ke kawo mata kifi kuwa suka hutar da bakinsu, suka sa mata Inna Mai Lahadi, don a garin kaf ita kaɗai ke jingine taɓarya ranar Lahadi. Jikarta Rahmatu, Inna kawai take ce mata. Ko bayan rasuwar tsohuwar, in Rahmatu ta ce "Inna" a gidan mijinta can Gwandu, ba ta ƙara wani suna ba, kowa ya san wa take nufi. Mai aiki a hannu kuma ya san gara ya ajiye, don hirar ba gajera ba ce.

Delu ake kiranta tana ƙarama. A wata ruga kusa da Dangoma aka haife ta, zamanin da hari bai ƙare ba tsakanin Gwandu da Kabi. Tana da shekara bakwai aka aike ta kai wa ubanta fura wurin kiwo, mahaya suka sure ta da ƙwaryar da komai. Daga wannan hannu zuwa wancan, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har ruwan Kwara ya gangara da ita ƙasar Nufe. Shekara goma ta yi tana bauta. A Lakwaja ne wasu Turawa masu dogayen riguna, waɗanda ake kira Fada, suka fanshe ta, suka miƙa ta ga Sistoci, matan cocinsu. Can ta koyi ɗinki da dafa sabulu da addu'a, aka yi mata baftisma ta zama Marta, 'yar Katolika. Can ta auri wani kafinta, ta haifi 'ya ɗaya tal. Labarin Lakwaja tana ba da shi har da ƙari. Na shekaru goman nan kuwa, in Rahmatu ta matsa mata da tambaya, sai ta ce, "Wanga labari ba shi ƙosar da kowa," ta miƙa mata tsintsiya.

Da Turawa suka ci ƙasa, hanya ta buɗe, mijin kuma ya riga ya rasu, sai ta ɗaure 'yan komatsanta, ta kama hannun 'yarta, suka shiga jirgin fatake masu kai gishiri arewa. A 1904 ke nan. Ta iske iyaye sun daɗe a ƙasa, amma wanta Haruna yana raye, ya baro daji ya zauna Kalgo da shanunsa. Da tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu ya gane ta, kuma dole ya gane, tunda shi ya tura ta murhu suna yara. Ya yi kuka kamar ba dattijo ba, ya yanka rago. Sai da aka kawo tuwo ya ga ta ɗaga hannu ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji, ta taɓa kafaɗu biyu.

Ya ce, "Delu, wanga hwa mi na?"

Ta ce, "Addinin waɗanda sunka kwance man igiya ga wuya na, Yaya."

Haruna ya ɗauko liman, ya ɗauko malamai biyu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura, ta saurara da ladabi har suka gama, ta yi godiya, ta raka su ƙofa. Washegari ta durƙusa gaban ɗan gicciyenta kamar kullum. Da Haruna ya gaji, sai ya ce ƙanwar da Allah ya dawo masa da ita bayan shekara kusan talatin, ba shi zai sake ɓatar da ita ba. Ya gina mata ɗaki a ƙuryar gida, kusa da rumbu.

Shekara ba ta zagayo ba 'yar tata ta ga Sambo ɗan Haruna, shi ma ya gan ta. Yarinya ta musulunta, aka sa mata A'isha, gida ya koma kiranta Indo. Marta ta shiga ɗaki ta rufe, kwana uku tana kuka, wanda ya zo da magana ta ƙi buɗewa. Rana ta huɗu ta fito da kumburarrun idanu, ta karɓe taɓarya daga hannun masu dakan biki, ta ce ba haka ake surfe ba. Ita ta yi ɗinkin amarya kaf. Da aka haifi Rahmatu, ɗakin kaka aka kai ta yaye, kuma ba ta sake fitowa daga ɗakin ba sai ranar aurenta. Indo kuwa murar nan da ta share mutane bayan yaƙin Turawa ta tafi da ita, Rahmatu na da shekara goma sha biyu.

A faɗi gaskiya, babu gidan da aka fi tsare salla a unguwar kamar gidan da Kirista ke ciki. Kafin ladan ya buɗe baki Inna ta tashi, ta zagaya ɗaki ɗaki tana buga ƙyaure. Ita ke kora Rahmatu makarantar allo, ita ke tambayar inda aka tsaya a karatu, alhali ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Da azumi ita ke dafa sahur na gida duka, ta ce tunda ita ba ta ɗauka ba, ƙarfinta na masu ɗauka ne. Nata ibadar a ɗaki take yi. Tana da carbi da Sistoci suka ba ta, mai ɗan gicciye a ƙarshe. Duwatsunsa sun yi ta zubewa tana maye gurbinsu da 'ya'yan tsamiya da ta huda da allura, har 'ya'yan tsamiyar suka fi na asali yawa. Ranar Juma'a ba ta cin nama, amma a Kalgo, inda kifi ke shiga kowace tukunya, an shekara biyar kafin wani ya lura. Ranar Lahadi ta share ɗaki, ta ɗaura farin zane, ta durƙusa ta yi ta waƙa da wani yare da ita kanta ba ta san fassararsa duka ba. Rahmatu takan leƙa ta ce, "Inna, yau ma Allah bai gaji da muryag ga taki ba?" Ita kuwa ta ce, "Wanda yaj jure karatunki ai ba ya gajiya da komi."

Abu ɗaya ne ta rasa, kuma ba ta ɓoye ba. Wata rana suna tsintar shinkafa ta yi wa Rahmatu bayaninsa. A addininsu akwai sallar da ake kira Misa, Fada kaɗai ke iya yin ta. A cikinta yakan yi addu'a kan wata 'yar farar gurasa, ya ɗora wa kowa a harshe. Jibi Mai Tsarki sunanta, kuma su a wurinsu Yesu ne da kansa ake karɓa. Sharaɗinta, tun daga tsakar dare mutum ba zai haɗiyi komai ba, ko ɗigon ruwa, har sai ya karɓa. Rabon Inna da ita tun ranar da ta baro Lakwaja, don a duk ƙasar Gwandu babu Fada ko ɗaya.

Rahmatu ta ce, "To ba kina addu'a kullum ba? Mi ar rage?"

Inna tana juya faifai ta ce, "Kin ga in uwakki na bayan danga, kina jin muryatta, kina gaishe ta tana amsawa, amma ba ki ganin huskatta? To hakanan nike, ɗiyata."

Aka kai Rahmatu Gwandu, gidan Namadi marini. Da ciki ya tsufa aka dawo da ita Kalgo goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Cikin bazarar 1923 ta haifi namiji, aka raɗa masa Abubakar. Ita dai Rahmatu ba ta kama sunan don kunyar ɗan fari, sai ta ce "yaron nan". Inna kuwa ta samu tattaɓa kunne, "maigidana" take ce masa, tana yi masa faɗan bai kawo cefane ba. Jegon duka a wuyanta yake. Ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ke fyaɗa wa mai jego ruwan zafi da ganyen runhu, ita ke hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, ita ke dama kunun kanwa. Kuma ba ta taɓa miƙa kunun ba sai ta ɗiba a ludayi ta kurɓa, ta ji zafinsa, ta ji kanwarsa, don kanwa in ta yi yawa cutar da mai jego take yi. Haka ta yi wa Indo, haka ta yi wa matan maƙwabta da ba su ƙirguwa.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, sai ga Akawu Silbesta a ƙofar gida yana sallama da haki. Mutumin Asaba ne, yana sayen fata da ƙiraga wa wani kamfani a bakin gulbi, kuma shi da matarsa ne Katolikan da Inna ta fara gani a Kalgo, shekara biyu da suka wuce. Takarda ce a hannunsa. Wani Fada yana zagaya wa akawuna da sojojin kudu da ke warwatse a arewa, zai kwana Kalgo ranar Talata, ya yi Misa a shagon fata da hantsin Laraba, ya wuce.

Rahmatu ba ta taɓa ganin kakarta ta rasa abin yi da hannuwanta ba sai ran nan. Ta ɗauki ƙwarya ta ajiye, ta ɗauki muciya ta ajiye. Can ta zauna daɓas a bakin gado ta ce, "Shekara goma sha tara." Ta wanke farin zanen sau biyu, alhali ba datti a jikinsa. Ranar Talata da yamma ta je ta faɗa wa Fada zunubanta, don haka ƙa'idarsu take kafin a karɓi Jibi. Ta daɗe har Sambo, da ya raka ta, ya fara gyangyaɗi a gindin bango. Da suka dawo ya tsaya bayan zana yana ba 'yarsa labari, ya ce, "Ni dai ban san inda Goggo tas samo zunubin da ya kai tsawon wanga ba. Ko na maƙwabta tah haɗa da shi?" Inna ta ce, "Rabinsa kai na." Kafin a kwanta ta sha ruwa ta ƙoshi, ta kife moɗa, ta ce daga nan sai bayan Misa.

Da gari ya waye ba ta rage komai daga aikinta ba. Ta dafa ruwa, ta yi wa Rahmatu wanka, ta yi wa jinjiri, ta dama kunu. Abu ɗaya ta bari, ba ta ɗanɗana ba. Ta jefa kanwa da ƙiyasin ido cikin ɗoki, ta miƙa ƙwaryar, ta ɗauki yaron tana shafa masa man shanu.

Rahmatu ta kurɓa ta yamutsa fuska. Ba ta yi barcin kirki ba, jikinta na raɗaɗin ruwan zafi, ga zafin bazara, ga gadon da wuta a ƙarƙashinsa. Shekararta goma sha bakwai, kuma tun tana yaye ta saba duk abin da bai yi mata ba ta kai ƙara wurin mutum ɗaya. Maganar Misa ta fice mata a kai sarai.

Ta ce, "Inna, kunun ga na yau ɗaci shikai. Kanwa ta yi yawa."

"Sha dai, ba ta yi ba."

"Wallahi ta yi. Ji da kanki."

Ta ɗebo a ludayi ta miƙa. Hannuwan Inna biyu suna riƙe da jinjiri, hankalinta na kan cibiyarsa da ba ta gama warkewa ba. Ta sunkuyo da kai kamar yadda ta yi sau dubu, ta kurɓa, ta haɗiye. Har ta buɗe baki za ta ce lallai ta yi yawa, sai ta tsaya.

Tsayawar da ta yi ce ta tuna wa Rahmatu maganar Misa. Ludayin ya suɓuce mata ya faɗa ƙwarya. Ta ce, "Innalillahi. Inna, mantuwa ta. Allah ba shi kama bawa da mantuwa."

Inna ta kwantar da yaron a hankali, ta gyara masa zane.

Sambo ya ji salatin ya matso bayan zana, don namiji ba ya shiga ɗakin jego. Da aka faɗa masa, sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya zaci wani mugun abu ne ya faru. Ya ce, "Ashe abin kaɗan na. Goggo, ki kame bakinki ki ida na yau, gobe ki rama. Ai haka a kai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi a saninsa babu azumin da ba a ramawa.

Inna ta ce, "Sambo, gobe Hwada ba shi nan."

Nan Rahmatu ta fashe da kuka. Ta riƙe gefen zanen kakarta ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ba wanda yag gani sai ni. Kurɓi guda na. Ki yi kurum, ki tai ki karɓa. Ni ba ni hwaɗi ma kowa har in mutu."

Inna ta dube ta, ba da fushi ba, ta ce, "Wanda za ni karɓa ya gani." Ta ɗaura farin zanen, ta rataya carbi, ta fita.

Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, don haka abin da ya faru a shagon fata daga bakin Sambo Rahmatu ta ji shi. Ya ce Fadan dogo ne, rana ta gasa shi ya yi jawur, Hausarsa kuma sai an tsinta. Inna ta tare shi tun kafin a fara, ta faɗa masa. Mutumin ya yi ta nema mata hanya. Ya tambaya ko dai harshe kawai ta jiƙa, ko ta tofar. Akawu ma yana ta ƙifta mata ido ta ce haka ne. Ta ce a'a, ta haɗiye, har ta ji ɗacinsa a maƙogwaro. Fada ya cire hula ya share gumi, ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ba shi da ikon ɗage ta. Da zai yiwu da ya ƙara kwana, to amma akwai wani soja kwance rai a hannun Allah can wajen Yawuri, an aiko tun jiya, kuma wanda ke bakin mutuwa ba a sa shi jira. Inna da kanta ta ce ya tafi, wancan ya fi ta bukata.

Sambo ya ce daga inda yake tsaye a waje yana hango su ta ƙofa. Mutum bakwai suka durƙusa tsakanin tarin fatu. Da lokaci ya yi shida suka matsa gaba. Ita ta tsaya a inda take, kanta a ƙasa, leɓɓanta na motsi. Da aka gama Fada ya ɗora mata hannu a ka, ya rubuta sunanta a wani ɗan littafi, ya ce rani mai zuwa zai dawo, kuma da ita zai fara.

Rahmatu ta zaci kakarta za ta shige ɗaki ta rufe kamar yadda aka ce ta yi lokacin auren Indo. Sai ta ji motsin itace a murhu. Jim kaɗan Inna ta shigo da sabon kunu, farin zanen na jikinta har yanzu. Ta ɗiba a ludayi, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu ya yi. Tashi ki sha tun da zahi." Rahmatu ta sha tana kuka, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya. Daga ranar Inna ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi yi wa Rahmatu ciwo fiye da a ce zaginta ta yi.

Aka yi arba'in, aka mayar da mai jego Gwandu. Rani ya zo ya wuce, babu Fada. Akawu ya ji labarin zazzaɓi ya kayar da shi, an sa shi jirgi an mayar da shi ƙasarsu. Wani ranin ya sake zuwa. Duk wanda ya taso daga Kalgo zuwa kasuwar Gwandu, Rahmatu sai ta aika a tambaye shi abu biyu, lafiyar Inna, da ko an ji ɗuriyar Fada. Amsar farko takan canza, ta biyun ba ta canzawa. Masu zuwa suka ce tsohuwa ta koma fita bakin gulbi da yamma, wai shan iska, ta zauna tana kallon jiragen da ke tasowa daga kudu.

Cikin daminar 1925 aka aiko Inna ba lafiya. Hanya ta cika da ruwa, sai da Rahmatu ta kwana biyu kafin ta iso bisa jaki, goye da yaron. Ta iske ta ta rame, carbin a naɗe a wuyan hannu, daidai kan tabon ƙunar. Akawu ya riga ya aika takarda kudu, amma kowa ya san takarda ba ta gudu da damina. Rahmatu ta durƙusa bakin gado da rana tsaka, ta faɗi abin da ta shekara biyu tana ɗauke da shi.

"Inna, ki yahe man. Ni nir raba ki da shi."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya da ƙyar ta ce, "Kunun dai ya yi ɗaci, gaskiyakki ta. Da kin sha shi hakanan, da wane ido za ni duban uwakki?" Ta huta, sannan ta ce, "In Hwada yaz zo, ki ce mai ban gaji da jira ba. Kirana anka yi."

Bayan kwana uku ta cika. Sambo ya haƙa mata kabari a gefen gonarsa, ƙarƙashin wata tsamiya. Akawu ya karanta addu'o'insu, ya ɗaure itace biyu gicciye ya kafa. Liman bai yi mata salla ba, ba wanda ya sa ran zai yi, amma ya zo gaisuwa ya zauna har la'asar, ya ce shekara ashirin ba a makara asuba a gidan nan ba. Matan da ta yi wa jego suka cika tsakar gida har waje.

Sai a ranin 1927 saƙo ya iso Gwandu daga Sambo. Wani sabon Fada ya aiko wa Akawu cewa yana tafe, kuma a littafin da ya gada ya ga an rubuta, "Marta, Kalgo, a fara da ita." Rahmatu ta nemi izinin mijinta. Namadi mutum ne mai karatu daidai gwargwado, ya tambaye ta me za ta je yi, tunda ita ba addininta ba ne. Ta ce saƙo aka bar mata. Sai ya sa aka ɗaura wa jaki akumari.

Ranar da za a yi Misar, matar Sambo ta kawo mata kunu da safe, ta ce ta gode, ba ta sha. Aka kawo ruwa, ta ce a'a. Sambo ya dube ta ya ce, "Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Azumin mi kike?" Ta ce tun tsakar dare ba ta haɗiyi komai ba. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba shi cikin littahinmu." Ta ce, "Na sani, Baba. Kai kac ce a rama." Sambo ya juya ya shiga neman takalmansa.

Ba ta shiga shagon fata ba. A gindin tsamiya ta jira, rana na hawa, maƙogwaronta ya bushe har yawu ya ƙi haɗiyuwa. Da hantsi ya ɗaga sai ga su tafe ta kan kunya, Akawu a gaba, Fada a baya. Wannan gajere ne, saurayi, Hausarsa ta fi ta wancan. Ya tsaya kan kabarin ya yi addu'a da yaren nan, Rahmatu ta ji wasu kalmomin da ta sani tun tana yaye, irin waɗanda ke fitowa daga ɗakin kusa da rumbu ranar Lahadi. Da ya gama ta matso, ta rufe rabin fuska da mayafi, ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Fada ya sunkuyar da kai.

Sannan ta roƙe shi abu ɗaya, ta ce tana son ta ga abin da idonta. Ya buɗe jakarsa, ya fito da wani ɗan gwangwani, ya ce waɗannan ba a yi addu'a a kansu ba tukuna, gurasa ce kawai, tana iya gani. Ya ɗora guda a tafin hannunsa. Fara ce fat, faɗinta bai wuce bakin ludayi ba, siririya har ana ganin zanen tafin hannunsa ta cikinta. Ko loma ɗaya ba ta kai ba. Rahmatu ta yi ta kallonta, tana tuna farin zanen da aka wanke sau biyu, da tsohuwa zaune bakin gulbi. Kewar kakarta ta taso mata gaba ɗaya, har sai da ta dafa tsamiyar.

Ta ce, "Da tana nan, da yanzu ta karɓa?"

Fada ya ce, "Da tuni. Da ita zan fara."

Matar Akawu ta miƙo mata butar ruwa. Rahmatu ta karɓa, amma ba ta kai baki ba tukuna. Ta durƙusa ta cire wata ciyawa da ta fito a gindin itacen nan biyu, ta gyara igiyar da ta saki, ta share busassun ganyen tsamiya da tafin hannu. Ta yi ƙasa da murya, kamar ranar da ta ce ba wanda ya gani sai ita.

"Inna, na kai miki shi har hantsi. Ko ɗigo ban haɗe ba."

Sannan ta sha ruwan.